TARIHI: Muhammadu Bello, Sarkin Musulmin da ya rubuta tarihi da waƙa da littattafan magani

Daga cikin rubuce-rubucen da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bari akwai wani ɗan littafi mai suna Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi. A cikinsa ya jera ginshiƙai bakwai na shugabanci. Da ya zo kan na shida, sai ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su. Ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, kuma a tsakiyarsu ya sanya masu magani. Ya kuma wajabta wa shugaba ya rarraba waɗannan mutane zuwa kowane ƙauye da kowace unguwa.

Kusan shekara 200 ke nan da wannan rubutu. Mutumin da ya yi shi jarumin yaƙi ne, kuma shi ne ya gina birnin Sakkwato, ya mulki daula mafi girma a Afirka ta Yamma a zamaninsa har tsawon shekara 20. Wannan ɓangare na rayuwarsa kowane ɗan makaranta ya san shi. Ɓangaren da ba a cika tunawa ba shi ne na marubucin da ya zauna ya tsara tarihin ƙasarsa, ya yi waƙoƙi da Larabci, sannan ya ware littafi guda kan ciwon ido, wani kan basir, wani kuma kan ganyen filasko. A wurinsa lafiyar talaka tana cikin aikin mulki, kamar yadda shari'a da tsaron iyaka suke cikinsa.

Tasowa a Degel

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u. Ya tashi a Degel, wani ƙauyen malamai a ƙasar Gobir, arewa da inda birnin Sakkwato yake a yau. Gidansu makaranta ne. Ya ɗauki tafsiri da hadisi da tauhidi a wurin mahaifinsa, ya ɗauki Larabci da nahawu da balaga a wurin baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, ya kuma yi karatu a gaban yayansa Muhammadu Sa'adu.

A irin wannan makaranta ba a raba fannonin ilimi da katanga. Ɗalibin da ya karanta fiƙihu da safe yana iya zama kan hisabi ko ilimin taurari da yamma, kuma littattafan ɗibbu, wato ilimin magani, suna cikin gafakar manyan malamai. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin irin waɗannan littattafai. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 malamin Masar Jalaluddin Suyuɗi yake aika wasiƙa ga sarakunan Katsina da Agadas, kuma littattafan magani da ake jingina masa sun yi ta yawo a hannun malaman wannan yanki ƙarni bayan ƙarni.

Shekarun yaƙi da yunwa

Bello yana da shekara 23 lokacin da dangantaka ta lalace tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, Jama'a ta yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare sai ga Tsuntsuwa, inda aka yi wa Jama'a mummunar ɓarna, aka rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa.

Tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe akwai wata masifar da ba ta da kwari da baka. Jama'a ta bar gonakinta, tana ƙaura daga sansani zuwa sansani da mata da yara da tsofaffi, ga yunwa ga cuta. Saurayin da daga baya zai rubuta littattafan magani ya ga da idonsa yadda rashin abinci da zazzaɓi suke karya runduna kafin maƙiyi ya iso.

A waɗannan shekaru ne kuma ya zama jakadan mahaifinsa. Shi ne ya gana da shugabannin jihadi na gabas a Birnin Gada, ya isar musu da saƙon Shehu, kuma a wannan zama aka tabbatar da Malam Sulaimanu a matsayin shugaban Kano. A watan Oktoba na 1808 ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa, babban birnin Gobir, inda Yunfa ya rasa ransa. A 1809 ya fara gina Sakkwato. Da Shehu ya raba tafiyar da daula a 1812, sai ya danƙa yamma ga Abdullahi, ya danƙa gabas ga Bello. Gabas ɗin nan ta haɗa da Kano, kuma a ƙarƙashin Kano a wancan zamani Birnin Kudu da ƙasar Gwaram suke.

Infaƙul Maisuri

A wannan shekara ta 1812, yana ɗan shekara 31, ya kammala Infaƙul Maisuri fi Tarihi Biladit Tukururi. Littafin ya fara da bayanin ƙasashe daga gabas zuwa yamma: Wadai da Bagarmi da Barno da Ahir da ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa da Sanwai. Ya kawo sunayen malaman kowace ƙasa da abin da aka sani game da asalin mutanenta. Yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta. Daga nan ya shiga rayuwar Shehu da labarin jihadi, yaƙi bayan yaƙi, da alƙalamin wanda aka yi abin da shi.

Dole mai karatu ya tuna cewa wanda ya yi nasara ne yake ba da labari. Sarakunan Haɓe ba su da mai kare su a littafin, kuma riwayar da ya kawo cewa mafi yawan gidajen sarautar Hausa sun fito daga wani bawan Sarkin Barno mai suna Bawo, in ban da Gobir, riwaya ce mai amfani ga sabuwar gwamnatin da ta kawar da su.

Duk da haka ya yi abin da masu mulki ba su saba yi ba. Ya kwafe wasiƙun babban abokin hamayyarsa, Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi na Barno, ya sa su a cikin littafin tare da amsoshinsa. A wasiƙun nan Al-Kanemi ya tuhumi masu jihadi da yaƙar mutanen da suke salla da azumi, yana mai kafa hujja da cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Ya kuma zarge su da wulaƙanta littattafai a garuruwan da suka ci. Bello ya amsa cewa shi da kansa ya taɓa ganin takardu iska tana watsa su bayan an ci wani gari, ya yi ta tsince su har ya gaji, sannan ya tara mayaƙa ya tsawatar. Da bai adana zargin ba, da yau babu mai sanin ƙarfinsa. Duk mai son tuhumar jihadin Sakkwato yana samun wasu daga cikin manyan hujjojinsa ne a littafin ɗan Shehu.

Turawa sun fara ganin wani yanki na littafin a 1826. E. J. Arnett ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1922, an buga matanin Larabcin a Landan a 1951, daga baya kuma Sidi Sayuɗi da Jean Boyd suka mayar da shi Hausa.

Kan gadon sarauta

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Farkon mulkinsa bai zo da sauƙi ba. Abdussalami, malami Ba'are kuma ɗaya daga cikin almajiran Shehu na farko, ya yi tawaye daga Kware, yana ƙorafin cewa an tauye masa rabo kuma sababbin shugabanni sun kauce wa adalcin da aka yi alkawari. An murƙushe shi a farkon 1818. A nan ma Bello ya rubuta abin da ya gudana tsakaninsu a littafin Sardul Kalam, ya sa ƙorafe-ƙorafen mutumin a ciki. Tsakaninsa da baffansa Abdullahi kuma an yi 'yan shekaru ana sanyin jiki kan maganar gado, sai da suka haɗu a yaƙin Kalambaina sannan aka daidaita.

A 1819 ya naɗa Ibrahim Dabo Sarkin Kano bayan rasuwar Sulaimanu. Ya riƙa rubuta wa sarakunan da ke ƙarƙashinsa littattafan nasiha, irin wanda ya yi wa Ummarun Dallaje da waɗanda ya yi wa Yakubun Bauchi. Babbar manufarsa ta tsaro ita ce ribaɗi: gari mai ganuwa a bakin iyaka, da masallaci da makaranta da kasuwa da gonaki, inda ake zaunar da mayaƙa da makiyaya su zama mazauna. Shi da kansa ya koma ribaɗin Wurno ya yi yawancin shekarunsa na ƙarshe a can. Idan aka haɗa wannan manufa da ginshiƙi na shida na Usulus Siyasa, za a ga hoton garin da yake so: akwai maƙeri, akwai alƙali, akwai malami, akwai kuma mai duba mara lafiya.

Littattafan magani

Rubuce-rubucen Bello sun haura 100, kuma wani rukuni daga cikinsu kan magani ne zalla. Ana iya kasa su gida biyu.

Kashi na farko shi ne na ɗibbun Nabawi, wato abin da aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da cuta da waraka. Wannan tsohon fanni ne da malamai irin su Ibnul Ƙayyim da Suyuɗi suka yi rubutu a kansa, inda ake maganar zuma da habbatus sauda da ƙaho da daidaita ci da sha, tare da addu'o'i. Al-Mawaridun Nabawiyya fil Masa'iliɗ Ɗibbiyya da Ujalatur Rakib fiɗ Ɗibbis Sa'ib suna cikin wannan kashi.

Kashi na biyu shi ne na littattafan da suka ɗauki cuta guda ko magani guda. Masugul Lujaini ya tsaya kan cututtukan ido. Al-Ƙaulul Mansur ya tsaya kan basir da magungunansa. Al-Ƙaulus Sana kuma ya yi bayanin yadda ake amfani da sana, wanda Bahaushe ya sani da filasko, wajen sassauta ciki da wanke shi. Zaɓin waɗannan batutuwa ya nuna inda hankalinsa yake. Ciwon ido a ƙasar ƙura da hunturu da ƙudaje, da basir, da taurin ciki, su ne koke-koken yau da kullum na manomi da mahayin doki da malamin da ya wuni a zaune kan buzu.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan ilimi shi ne wanda likitocin Musulunci irin su Ibn Sina suka gada daga Jalinusu na Girka: jiki yana tafiya ne kan daidaiton zafi da sanyi da danshi da bushewa, cuta kuma ita ce rinjayar ɗaya a kan saura, don haka ana magance ta da kishiyarta. A zamanin Bello likitocin Turai ma ba su yi nisa da wannan fahimta ba, domin bayanin ƙwayoyin cuta na Louis Pasteur da Robert Koch bai zo ba sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa. Ba za a ɗauki littattafansa a yau a mayar da su takardar likita ba. Amma wani abu daga cikinsu ya tsallake gwajin zamani: har yanzu sana tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Akwai siyasa a cikin wannan rubutu. Kafin jihadi, mara lafiya a ƙasar Hausa yana da wanzami da maɗori da ungozoma da mai saiwa, yana kuma da boka da 'yan bori, waɗanda a Gobir suke ƙarƙashin Inna, mace mai babban matsayi a fada. Masu jihadi sun yaƙi bori. To amma wanda ya hana mutane wata hanyar neman sauƙi, tilas ya nuna musu wata. Masanin tarihi Ismail Abdalla, a littafinsa na 1997 kan Musulunci da magani a Arewacin Najeriya, ya nuna cewa yawaitar rubutu kan ɗibbun Nabawi a Sakkwato tana da alaƙa da wannan gurbi da ake son cikewa. Aikin bai tsaya kan Bello ba. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, kuma tsarinta na 'yan taru da jajis ya kai karatu ga matan karkara, waɗanda su ne bori ya fi riƙewa.

Likitan da bai iso ba

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato ta hanyar Tarabulus da Barno da Kano. Ba shi kaɗai ya taso ba. Abokin tafiyarsa likita ne, Dakta Walter Oudney, amma ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu na wannan shekara, kafin su kai Kano. Bello ya karɓi baƙon, ya yi masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kiristoci na da, da kan mamayar da Ingila ta yi wa Indiya. Ya ba shi taswirar ƙasashen da ke ƙarƙashinsa da yadda kogin Kwara yake bi, tare da wani yanki na Infaƙul Maisuri, kuma an buga duka biyun a Landan a 1826. A wasiƙar da ya aika wa Sarkin Ingila George na Huɗu an yi maganar ciniki da hana sayar da bayi ga fataken bakin teku. Cikin abin da ya nema a turo masa zuwa Sakkwato akwai ƙaramin jakada, akwai kuma likita.

Ingila ta amsa. Clapperton ya sake tasowa a 1825 ta bakin teku, tare da likitoci biyu, Dakta Morrison da Dakta Dickson. Morrison ya rasu a ƙasar Yarabawa. Dickson ya bi ta Dahome, ba a sake ganinsa ba. Abin da ya iso Sakkwato a 1826 shi ne littattafai. Cikin kyaututtukan akwai littafin Ibn Sina da littafin lissafin Iƙilidisi, duka da Larabci. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da Sarkin Musulmi a cikin gida da littafin Iƙilidisi a gabansa, kuma ya shaida masa cewa gidansu ya taɓa mallakar kwafin da wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, sai gobara ta cinye shi.

Ziyarar ta biyu ta zo a mummunan lokaci. Al-Kanemi ya ɗauko yaƙi daga Barno ya nufo Kano, ta yankin da ke tsakanin Katagum da Bauchi da Kano, wato shiyyar da Birnin Kudu da Gwaram suke. Yakubun Bauchi ne ya tare shi a Fake a farkon 1827 ya mayar da shi. Saboda wannan yaƙi Bello ya hana Clapperton wucewa Barno, aka kuma karɓe wasiƙa da kayan da ya ɗauko wa Al-Kanemi. Baƙon ya kwanta ciwo, ya rasu a watan Afrilu na 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a bayan gari. Likitoci uku ke nan Ingila ta tura hanyar Sakkwato, babu wanda ya iso da rai. Sai a 1854, lokacin da Dakta William Baikie ya shigo Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, Turawa suka fara shiga wannan ƙasa su fita ba tare da zazzaɓi ya kashe su ba.

Waƙa da fasahar littafi

A gidan Shehu waƙa kayan aiki ce. Da ita ake koyarwa, da ita ake yin ta'aziyya, da ita ake aika saƙo a lokacin yaƙi. Bello ya yi waƙoƙin Larabci kan nasarorin yaƙi, da marsiyyoyi ga malamai da abokan gwagwarmaya, da tahamisi ga wasu manyan waƙoƙin yabon Annabi. Yakan yi musayar baitoci da Asma'u. Kusan ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littafi kan salihan mata, ita kuma ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa domin ya isa ga waɗanda ba sa jin Larabci. A ƙarni na 20 Wazirin Sakkwato Junaidu ya tattara wasu daga cikin ƙasidunsa a littafin Ifadatuɗ Ɗalibin.

Shi kansa littafin a wancan zamani aikin hannu ne. Takarda takan zo daga Italiya ta Tarabulus a bayan raƙumi, da tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Ana dafa tawada a gida, a fiƙe alƙalami, magwafi ya zauna ya kwafe da baƙi, ya fito da kanun babi da ja, sannan baduku ya ɗinka gafaka. Kafin bayanin maganin ido ya tashi daga Wurno ya isa wani gari a kudancin Kano, sai ya bi ta hannun duk waɗannan masu sana'a. Shi ya sa yaɗuwar ilimin magani ta dogara da lafiyar sana'ar rubutu.

Inda rubutu da aiki suka rabu

Masu tarihin Sakkwato na farko, irin su Waziri Giɗaɗo da Alhaji Sa'idu, sun siffanta Bello da tsantseni: yana ci daga abin da ya nema da hannunsa, yana nisantar baitulmali, yana bibiyar hukuncin alƙalai. Wannan shaida ce daga makusantansa, kuma haka ya kamata a karanta ta.

A ɗaya gefen kuma, daular da ya mulka ta tsaya ne kan bauta. Yaƙe-yaƙen kowace shekara suna kawo kamammu, su ne suke noma a rumada da gandaye, da su ake biyan wani ɓangare na gaisuwar da masarautu suke kai wa Sakkwato. Alkawarin da aka yi wa Clapperton ya shafi fitar da bayi ta teku ne, bai taɓa bautar cikin gida ba. Bello ya damu da haramcin bautar da Musulmi ɗa, ya yi rubutu kan wanda ya halatta a kama da wanda bai halatta ba, amma tsarin kansa bai rushe shi ba. Haka nan umarnin a kai masu magani kowane ƙauye ya tsaya ne a matsayin nasiha ga sarakuna. Littattafan da Larabci suke, masu karanta su tsiraru ne, kuma mafi yawan talakawa sun ci gaba da zuwa wurin wanzami da mai saiwa da boka kamar yadda kakanninsu suka yi.

Yaƙi ma bai bar shi ya huta ba. A 1836, yana da shekara 55, ya fita da kansa zuwa Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Bayan ya dawo ya kwanta doguwar jinya. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, kuma a can kabarinsa yake. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi, ɗansa Aliyu Babba kuma ya hau a 1842. Asma'u ta yi masa marsiyya, ta kuma yi wata waƙa ta musamman kan halayensa.

Daga Wurno zuwa Birnin Kudu da Gwaram

Bayan rasuwarsa kudancin ƙasar Kano ya zama bakin daga. Tun daga shekarun 1840 mutanen Ningi suka riƙa kawo hari, garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram suka zama masu tsaron iyaka a bayan ganuwarsu, irin zaman ribaɗin da Bello ya tsara. A yau garuruwan biyu suna Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ƙarƙashin masarautar Dutse. Birnin Kudu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya. Tana kuma da tarihi da fasahar da suka girmi daular Sakkwato nesa ba kusa ba: zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950.

Ma'aunin da Bello ya kafa a ginshiƙi na shida bai tsaya kan babban gari ba. Ƙauye ya ambata. Da wannan ma'auni, tambayar da ta dace a yi wa shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ita ce ko ƙaramin asibitin da ke ƙauye yana da ma'aikaci da dare, ko akwai ungozoma mai horo idan naƙuda ta zo da gardama, ko akwai magani a kan kanta. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar Najeriya, mai masaukin taron, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba.

'Yan siyasar Arewa suna son ambaton Shehu da Bello da Abdullahi a kan dandamali. Littattafan kuwa suna nan a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Ibadan. Infaƙul Maisuri da Usulus Siyasa sun samu masu fassara da masu sharhi. Littattafan maganin ba su samu kulawa irin wannan ba, alhali su ne shaidar cewa a wannan ƙasa an taɓa yin shugaban da ya ɗauki ciwon idon talaka a matsayin abin da ya isa ya zauna ya rubuta littafi a kansa. Ɗalibin likitanci a Dutse ko ɗalibar jinya a Birnin Kudu suna da haƙƙin karanta su da Hausa, su ga abin da ya yi daidai a ciki da abin da zamani ya wuce, kamar yadda takwarorinsu na wasu ƙasashe suke karanta tarihin likitancin kakanninsu.